Labarin Tiroy: ba a buɗe shi da "ga ta nan", ba a rufe shi da "ƙurunƙus"

Littafin na gwanjo ne. Bangonsa ya yage, wani yaro da ban sani ba kuma ya zana wa jarumin shafin farko gashin baki da biro. Labaran Girkawan da ne, an sauƙaƙa su da Turancin yara. Don babbar 'yata na saye shi, wai ko Turancinta ya ƙara tsayuwa, amma ya yi wata guda a kan firji ƙura na hawansa. Sai wani dare da aka ɗauke wuta, zafi ya koro mu tsakar gida bayan isha'i, na haska fitilar waya na shiga karantawa ina juya musu da Hausa. Daga nan abin ya zame mana jiki: in karanta a zuci, in ɗago kai in zuba da baki, su kuma su yi ta katse ni da tambaya.

Daren da muka kai kan dokin katakon nan da aka ja zuwa cikin birnin Tiroy, cikinsa maƙil da mayaƙa, na gama na rufe littafi. Auta ya ce, "Abba, ba ka ce ƙurunƙus ba." Yayarsa ta harare shi ta ce, "Ai wannan ba tatsuniya ba ce, tarihi ne. Ba ka ga a littafi yake ba?" Suka zuba mini ido in raba gardama. Na ce dare ya yi, a je a kwanta. Ba ni da amsa a hannu ne, kuma sai da na yi makonni ina bin diddigi kafin na gane tambayar ta girmi dukanmu. Girkawan kansu sun yi fama da ita fiye da shekara 2,400 da suka wuce.

Bahaushe ya yi wa ƙarya shinge. Tatsuniya tana da ƙofar shiga, "ga ta nan ga ta nanku", tana da ta fita, "ƙurunƙus kan kusu", har mai bayarwa ya wanke kansa da "ba don Gizo ba da na yi ƙarya". Ɗan shekara biyar ya san duk abin da ya auku tsakanin ƙofofin nan biyu ba a duniya ya auku ba. Labarin Tiroy ba shi da wannan shingen. Bagirken da ya rayu shekara 400 kafin Miladiyya yana kallon yaƙin kamar yadda Basakkwace ke kallon yaƙin Tabkin Kwatto: abu ne da aka yi, an san filin, an san waɗanda suka halarta, akwai gidajen da ke jan salsalarsu zuwa gare su. Eratostenis, masanin da ya riƙe babban ɗakin karatu na Iskandariyya, har lissafi ya yi ya tsayar da shekarar faɗuwar birnin, ta yi daidai da 1184 kafin Miladiyya. Iskandar sarkin Makidoniya da ya tsallaka Asiya a shekarar 334 don yaƙar Farisa, sai da ya ratse ya ziyarci wurin da ake cewa kabarin Akilis ne, babban gwarzon Girkawa a wannan yaƙin. Amma a cikin wannan labarin da ake wa kallon tarihi, alloli suna saukowa fagen daga a soke su su koma sama suna kuka, kogi yana tashi ya fafari mutum, doki yana buɗe baki ya gaya wa ubangijinsa ajalinsa ya ƙarato. Malaman adabin Hausa suna da suna mai daɗi ga irin wannan, tarihihi, abin da ya ɗauko kamar tarihi bai ƙarasa ba. Sunan bai kashe wa yara ƙishirwa ba, don su abin da suke nema shi ne a nuna musu ɓangaren da ya faru.

Makullin bai zo daga wurina ba, daga wani labari ya zo da muka karanta bayan 'yan kwanaki. Kadmos baƙo ne daga gabas, ɗan sarki a ƙasar Finikiya, gaɓar tekun Lebanon ta yau. Ya fito neman 'yar'uwarsa da aka sace bai same ta ba, ya yada zango a tsakiyar ƙasar Girka, ya aiki mutanensa ɗebo ruwa a wani marmaro. Ashe ƙaton maciji ne ke gadin ruwan, ya hallaka su. Kadmos ya kashe macijin, ya kafa birnin Tibis, ya auri mace mai daraja, zuriyarsa suka gaji sarauta. Ban kai ƙarshe ba 'yata ta tafa hannu, "Abba, ai wannan Bayajidda ne!"

Labarin baƙo da maciji da ruwa ya bazu a ƙasashe da dama, kama ba ta nuna wani ya ari na wani. Amfanin da kamar ta yi mini daban ne. Yarinyar ta taɓa zuwa Daura, ta leƙa rijiyar Kusugu, ta sha ruwanta. Na ce da ita, rijiya tana nan ko? Ta ce tana nan. Na ce to kasancewar rijiyar ya tabbatar miki da an yi maciji mai hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a? Ta yi shiru, can ta ce, "Ya dai tabbatar da akwai rijiya." Duk abin da masu haƙar kufai suka yi shekara 150 suna yi a kan Tiroy, a tsakanin rijiyar nan da macijin nan yake.

Shi kansa labarin Kadmos yana ɗauke da ƙwayar gaskiya. Girkawa sun ce shi da mutanensa suka kawo musu haruffa, kuma lallai daga Finikiyawa suka aro su. Na ce wa Auta ya jera mini abajada, ya ce alif, ba, jim, dal. Na ce to saurari na Girkawa: alfa, beta, gamma, delta. Ya zaro ido. Sunayen nan ba su da wata ma'ana a Girkanci, amma a harshen waɗanda aka aro daga gare su beta gida ne, ɗan'uwan baiti na Larabci. Sai dai haruffan sun shiga Girka ne wajen ƙarni na 8 kafin Miladiyya, alhali labari ya ajiye Kadmos tun kakanni da yawa kafin yaƙin Tiroy. Baki ya riƙe inda abin ya fito, ya zubar da lokacin. Haka yake yi kusan ko'ina.

Dalilin da ya sa baki kaɗai ya rage musu shi ne sun taɓa iya rubutu suka manta. A fadar Kunosos ta tsibirin Kirit, wadda Bature Arthur Evans ya fara haƙa a 1900, da wasu fadodi irin su Filos da Maisini, an tono dubban allunan yumɓu masu wani rubutu da ya gagari kowa, har sai 1952 da wani matashin mai zanen gine-gine, Michael Ventris, ya warware shi, ya tarar ashe tsohon Girkanci ne. Masu ɗokin jin labarin jarumai suka sha kunya. Lissafin ma'aji ne zalla: tumaki kaza, man zaitun tulu kaza, mata masu saƙa da abincin da ake auna musu, ƙafafun karusa masu kyau da waɗanda suka lalace. Akwai sunayen alloli irin su Zeyus da Fosaidon a wajen rabon sadaka, amma babu waƙa ko ɗango ɗaya. Wajen shekara ta 1200 kafin Miladiyya fadodin suka ƙone, gobarar ma ita ta gasa yumɓun ya kawo yau. Magatakarda suka watse, rubutun ya bi su. Aka yi kimanin shekara 400 ba a rubuta komai a Girka.

A wannan tsakanin mawaƙa ne suka goyi labarin. Waƙoƙi biyu da ake jingina wa Homa, Iliyad mai ɗango sama da 15,000 da Odisi mai sama da 12,000, sun bayyana ne bayan haruffa sun dawo, amma jikinsu duk shaidar baki ce. Turawa sun daɗe suna mamakin yadda Homa ke maimaita kansa. Akilis "mai saurin ƙafa" ne ko yana zaune a bukka yana fushi, Agamemnon, jagoran rundunar Girkawa, kullum "sarkin maza", Hekto "mai horar da dawaki". Sai da wani Ba'amurke, Milman Parry, ya tafi Yugoslabiya tsakanin 1933 da 1935 ya ɗauki muryoyin mawaƙan da ba su iya karatu ba, masu kiɗa da wani abu mai tsirkiya ɗaya kamar kukuma, ya ga ɗaya daga cikinsu, Avdo Medjedovic, ya rera waƙa mai ɗango sama da 12,000 da ka, sannan aka yarda cewa maimaicin nan kayan aiki ne. Mawaƙin da ke shirya waƙa nan take a gaban jama'a yana buƙatar gutsattsarin magana da aka riga aka auna, ya cike gurbi da su yayin da zuciyarsa ke neman ɗango na gaba. Da na yi wa matata wannan bayanin dariya ta yi ta ce, "Kirari ne fa kawai. Sai da ya ƙetare teku kafin ya gano kirari?" Wanda ya taɓa tsayawa kusa da makaɗin fada ya san kirari gado ne, yana bin sarauta bayan mai ita ya rasu, kuma akan sami kalma a ciki wadda shi mai faɗar bai san ma'anarta ba, haka ya ji ta a bakin ubansa. A waƙar Homa ma akwai kalmomin da Girkawan da suka yi ta gardama a kan ma'anarsu.

Irin wannan gadon yana ajiye abu ba tare da ya fahimce shi ba. A wani wuri an siffanta kwalkwalin fata da aka jera wa hauren aladen daji, sahu-sahu. An tono irinsa a kaburburan zamanin Maisini, kuma an bar yinsa ɗaruruwan shekaru kafin Homa. Siffar ta yi ta tafiya daga baki zuwa baki bayan abin ya ɓace. A gefe guda, mawaƙin ya san jaruman da suna da karusai, amma yadda yake sa su aiki da su abin dariya ne: jarumi ya hau a kai shi bakin daga, ya sauka ya yi yaƙi a ƙasa, direba na jiransa a gefe. Auta ya ce, "Kamar a-daidaita-sahu." Ban sami abin gyarawa a maganarsa ba.

Mutumin da ya ɗauki waƙar ya tafi da ita neman rijiya shi ne Heinrich Schliemann, Bajamushe ɗan kasuwa da ya yi arziki a Rasha, har da cinikin shuni. Wani Bature mazaunin yankin, Frank Calvert, wanda ya mallaki ɓangaren wani tudu mai suna Hisarlik kusa da mashigin Dardanel a Turkiyya ta yau, shi ya nuna masa wurin. Daga 1871 Schliemann ya sa lebura suka tsaga tudun da wani makeken rami. Tudun kuwa gari ne a kan gari, hawa tara, kowane zamani ya yi gini a kan ɓuraguzan na gabansa. Shi a ganinsa birnin Firiyam, sarkin Tiroy a waƙar, dole ya kasance can ƙasa, saboda haka ya yi ta rushe abin da ya tarar a sama yana zubarwa. A 1873 ya ci karo da tarin zinariya, kofuna da sarƙoƙi da kayan ado na goshi. Ya fitar da su daga ƙasar Usmaniyya a ɓoye, ya sa matarsa ta yi ado da su aka ɗauki hoto, ya shelanta wa duniya cewa ga dukiyar Firiyam. Har ya rubuta cewa matar tana wurin, ita ta kwashe kayan a mayafinta, daga baya ya amsa cewa ba ta nan ranar.

Zinariyar gaskiya ce, tana Mosko yanzu, sojojin Sobiyet suka ɗauke ta daga Balin a 1945. Amma ta hawa na biyu ce, ta girmi lokacin da ake zaton an yi yaƙin da fiye da shekara 1,000. Birnin da yake nema yana cikin abin da ya fasa ya wuce. Haka ya sake yi a Maisini a 1876, inda ya tono marufin fuska na zinariya da har yau ake kira da sunan Agamemnon, alhali mai fuskar ya mutu kimanin shekara 300 kafin zamanin da aka ba Agamemnon. Ina son ba yara labarin mutumin nan fiye da na wasu jaruman, don yana nuna yadda mai gaskiya a babban abu ke iya yin ɓarna a ƙanana. Ya yi daidai da ya ce akwai birni. Amma ya riga ya san abin da zai samu tun kafin ya kafa diga, duk abin da ƙasa ta miƙo masa sai ya raɗa masa sunan da ya zo da shi a aljihu.

Waɗanda suka biyo bayansa sun fi shi haƙuri. Hawa na shida yana da ganuwa ta sassaƙaƙƙen dutse mai ban sha'awa, alamu kuma sun fi nuna girgizar ƙasa ce ta rusa shi wajen 1300 kafin Miladiyya. Wanda ya biyo shi, gidaje a cunkushe, an binne manyan randuna a cikin daɓe kamar masu tanadin tsare, ya ƙare da gobara wajen 1180, an sami tsinin kibau da ƙasusuwan da ba a binne ba. Ka ga ya yi kusa da lissafin Eratostenis har abin ya ba da tsoro. Sai dai a wannan zamanin birane da yawa sun ƙone a gabashin Bahar Rum, har da fadodin su Girkawan da ake cewa su suka kawo harin, kuma toka ba ta faɗin wanda ya cinna wuta.

Shaida mafi ƙarfi daga maƙwabta ta fito. Hittiyawa, masu babbar daula a tsakiyar Turkiyya a wancan zamani, sun bar taskar takardunsu a allunan yumɓu. A ciki akwai wata ƙasa a yamma mai suna Wilusa, ɗaya sunan Tiroy kuwa a waƙa shi ne Iliyos, wanda asalinsa Wiliyos ne. Wajen 1280 sarkin Hittiyawa ya ƙulla yarjejeniya da sarkin Wilusa mai suna Alaksandu, Faris kuwa, ɗan sarkin Tiroy, wanda waƙa ta ce ya sace Helen matar wani sarkin Girkawa har yaƙin ya tashi, ɗaya sunansa Alekzandros. Suna kuma ambaton wasu mutanen ƙetare, Ahhiyawa, masu yawan tsoma baki a gaɓar tekun, Homa kuwa yana kiran Girkawansa Akaiyoi. Da na tattara wannan na koma wa yara da amsar da suka biyo ni bashi: birni akwai shi, rikici tsakanin mutanensa da Girkawa ya yi kama da abin da aka yi ba sau ɗaya ba, amma Helen da shekara goma da dokin katako, waƙa ce kaɗai ta san su.

Ko waƙar ma ba bakinta ɗaya ba. Iliyad ba ta kai ga doki ba, kwana hamsin da 'yan kai ta ɗauka daga shekara ta goma ta tsaya. Dokin yana cikin Odisi a taƙaice, cikakken bayaninsa kuma wani mawaƙin Rumawa ne, Bajil, ya yi shi bayan shekaru ɗari bakwai. Zancen cewa uwar Akilis ta riƙe shi ta diddige ta tsoma shi a kogi don kada makami ya kama shi, babu shi a Homa sam, a waƙar wani Barume na ƙarni na 1 Miladiyya ya bayyana. Littafin yara yana ɗinke waɗannan duka ya goge, ba ka ganin zare. Aikin mai karanta wa yara, a ganina, shi ne ya riƙa juya rigar lokaci-lokaci ya nuna musu ɗinkin.

Wanda ya fara juya rigar Bagirke ne. Hirodotus, haifaffen wajen 484 kafin Miladiyya, ya kira aikinsa da kalmar da ke nufin bincike, kuma ya faɗa ƙarara cewa wajibinsa ne ya kawo abin da ake faɗa, amma ba wajibinsa ba ne ya yarda da shi duka. A kan Helen cewa ya yi mutanen Tiroy ba mahaukata ba ne, da matar tana hannunsu da sun miƙa ta tun kafin 'ya'yan sarki su ƙare, saboda haka ya fi gaskata malaman Masar da suka ce masa a Masar ta zauna. Ya musanya tarihihi ɗaya da wani ke nan, amma tambayar da ya yi, shin mutane masu hankali za su aikata haka, sabuwa ce a lokacin. Inda ya fi burge ni shi ne labarin Finikiyawan da Fir'auna Neko ya aika su kewaya Afirka ta ruwa. Sun dawo suna cewa a wani wuri, suna tafiya yamma, rana ta koma hannunsu na dama. Hirodotus ya ce shi bai yarda ba, amma ya rubuta. Yau kowa ya san wanda ya kai kudancin Afirka haka zai ga rana, ta arewa da shi. Abin da ya ƙaryata shi ya zama hujjar matafiyan. Ya kuma kawo labarin wasu samari 'yan Libiya da suka ratsa Sahara har suka kai wani babban kogi mai kadoji da ke gudu daga yamma zuwa gabas, wanda wasu masana ke zaton Kwara ce. A nan yara suka gyara zama, don labarin ya matso gida.

Kada a zaci da an bar zamanin jarumai an shiga tudun mun tsira. Yaƙin Maraton na shekarar 490 kafin Miladiyya tarihi ne, tudun da aka binne mutanen Atens yana nan har gobe. Amma labarin mai gudun da ya kawo bushara ya faɗi ya mutu, wanda ake tseren maraton dominsa, sai bayan ɗaruruwan shekaru ya bayyana a rubuce. Mai gudun da Hirodotus ya sani Sifarta aka aike shi neman gudummawa, tafiyar kimanin kilomita 240, kuma ya dawo yana cewa ya gamu da wani abin bautarsu a kan dutse har sun yi magana.

Duk wannan ana yi Hajiya mahaifiyata tana gefe a kan dardumarta da carbi, kamar ba ta ji. Wani dare ina cikin labarin Kuronos da ke haɗiye 'ya'yansa, ta ce, "Kai, wane irin karatu ne wannan? Labarin gumaka za ka cusa wa jikokina da daddare?" Ban ɗauki maganar da wasa ba, kuma ba ita ta fara yin ta ba. Wani Bagirke, Zenofanis, tun ƙarni na 6 kafin Miladiyya ya zargi Homa da jingina wa alloli duk abin kunya, sata da zina da yaudara. Ya ce Habashawa suna yin allolinsu baƙaƙe, mutanen Tiras suna yin nasu da jan gashi, da shanu da dawaki suna da hannu da sun zana nasu da siffar shanu da dawaki. Aflatun kuwa cewa ya yi a sa ido kan abin da iyaye mata da masu raino ke ba yara, ya kuma ambaci wannan labarin na Kuronos cikin waɗanda bai kamata yaro ya ji ba. Na ce, "Hajiya, ke da Aflatun bakinku ɗaya." Ta ce ita ba ta san shi ba, amma da alama yana da tarbiyya.

Malaman Bagadaza na zamanin Abbasiyawa ma zaɓe suka yi. Sun fassara likitancin Jalinus, da lissafin Iƙlidis, da falsafar Aristotal, kuma ta wannan hanya mandiƙin Girkawa ya iso har zaurukan malamanmu. Homa kuwa suka bar shi a inda yake. Sai a 1904 aka buga cikakkiyar Iliyad da Larabci a Alƙahira, fassarar Sulaiman al-Bustani. Suna da dalilinsu, amma wanda ya ɗauki hankalin mutane ya bar waƙar da aka raine su da ita, rabinsu ya sani. Sukurat da kansa, a gaban masu yi masa shari'ar da ta kai ga kisansa a 399 kafin Miladiyya, da Akilis ya buga misali kan dalilin da ba zai ja da baya ba don tsoron mutuwa.

Abin da ya sassauta Hajiya daga tafsirin azumi ya fito. Na tuna mata da Wadda da Suwa'a da Yagusa da Ya'uƙa da Nasra na cikin Suratu Nuhu, da ruwayar Ibn Abbas cewa mutanen kirki ne da suka mutu, aka yi siffofinsu don tunawa, da zamani ya ja aka koma bauta musu. Na ce wani Bagirke, Yuhemeros, wajen shekara ta 300 kafin Miladiyya, ya faɗi kusan haka game da Zeyus da danginsa, cewa sarakunan da ne da aka ɗaukaka. Malamai kuma sun ce mai naƙalto kafirci ba kafiri ba ne. Ta ce, "To, amma ka riƙa taunawa kafin ka ba su." Haka nake yi. Yawon Zeyus bayan mata ina tsallake shi, lokacinsa bai yi ba. Abin da ba na yarda in tsallake shi ne inda littafin ya yi wa mugunta kwalliya. Ya ce rigimar Akilis da Agamemnon a kan "kyauta" ce. Kyautar nan mace ce, Birisis, wadda aka kashe mijinta da 'yan'uwanta aka kamo ta ganima. Da na faɗi haka 'yata ta ce, "Ita an tambaye ta wanda take so?" Na ce a duk waƙar sau ɗaya aka bar ta ta yi magana, shi ma a kan gawa tana kuka.

Daren da muka kai ƙarshen Iliyad Hajiya ta ajiye carbi. Akilis ya kashe Hekto ɗan Firiyam, ya ɗaure gawar a bayan karusa yana ja kwana da kwanaki. Tsoho Firiyam ya loda dukiya a keken alfadarai, ya fita cikin dare zuwa sansanin maƙiya, ya durƙusa ya sumbaci hannuwan da suka kashe masa 'ya'ya, ya ce da shi ya tuna da nasa uban. Su biyu suka zauna suna kuka, kowa da wanda yake wa. Akilis ya sa aka wanke gawar, shi da kansa ya ɗaga ta ya ɗora, aka yanka tunkiya suka ci tare, ya ba tsohon kwana goma sha ɗaya babu yaƙi don a yi jana'iza.

"Allah sarki, tsoho," in ji Hajiya. Da ta ji kwana tara aka yi ana tara itace aka ƙona gawar, ta ce, "Duk wahalar nan da ya sha, ƙonawa za su yi?" Na ce al'adarsu ke nan, kuma a nan waƙar ta tsaya. Auta ya buɗe baki zai ce ƙurunƙus, ta ɗaga masa hannu, "Kai, ana zaman makoki." Ta miƙe tana gyara mayafi, sai kuma ta juyo ta tambaye ni ko tsohon ya daɗe bayan nan. Na ce wasu mawaƙan sun ce daren da birnin ya faɗi aka kashe shi, kuma ɗan Akilis ne ya kashe shi.

"Ɗan wannan da suka ci abinci tare?"

Na ce shi. Ta ɗauki butarta ta shige ɗaki.